Bakin da Na Toshe Ranar Sadakar Uku

Assalamu alaikum Edita, da duk wanda idonsa ya sauka a kan takardar nan. Da hannuna na rubuta ta, kuma kwana tara na yi ina fama, don sai da na haura sittin sannan na san yadda ake riƙe biro. In kun ga harafi ya karkace ku miƙar da shi, amma maganar ku bar min ita yadda na faɗe ta.

A lokacin da abin nan ya faru mijina ya daɗe da rasuwa, masinja ne a wata ma'aikata har ya yi ritaya, ya bar ni a ɗakina a wani layi na Rafin Guza. Aikina wankan gawar mata. Duk macen da ta cika a layinmu da layukan da ke kusa ni ake aiko wa, shi ya sa babba da yaro Inna mai wanka suke ce min. Kuma an san ni da baki. In miyarki ta yi gishiri zan faɗa miki ko a gaban mijinki ne, in ɗanki ɓarawon kaji ne ba zan ce masa mai ƙiriniya ba. A gidan makoki kuwa ni ce sarauniya. Ni ke cewa a shimfiɗa tabarma nan, a ɗora tukunya can, wadda ta ɗaga murya da kuka ni ke tsawata mata ta yi shiru. Ina jin kaina da wannan ƙwarai. Ashe a nan zan yi kuskuren da ya fi kowane girma a rayuwata.

Ana saura 'yan watanni zaɓe aka kawo katafila ta haƙa wata babbar magudana ta ratsa tsakiyar layinmu, wai za a zuba kankare a sa kwalbati mu huta da ambaliya. Har guɗa muka yi. Aka kafa hoton wanda ke neman kujera a bakin aikin yana murmushi, muka fita muka zaɓe shi, ya zama Honarabul. Ba a yi sati biyu da rantsar da shi ba aka ɗora katafilar a tirela aka tafi da ita. Aka bar mana rami wanda ya fi tsayin namiji, ga rodi a tsaitsaye a cikinsa. Kafintocin layin suka haɗa katako uku suka gitta, ta nan muke ƙetarawa zuwa masallaci da makaranta da wajen niƙa. Damina uku muna haka. In an yi ruwa sai ramin ya cika ya batse har ya shafe katakon, sai dai ka laluba da ƙafa.

Za ku ce me ya hana mu magana. Ai mun yi, amma a tsakar gida da bakin famfo. Mai unguwa ya ce shi ma ɗora shi aka yi, kuma wanda ya ɗora shi zai iya sauke shi. Rabin magidantan layin ma'aikatan gwamnati ne, kowa na tsoron a cilla shi wani ƙauye ko a ce sunansa ya ɓace a takardar albashi. Sauran masu aikin hannu ne, in ba su fita yau ba gidansu ba a ɗora tukunya. Samari sun taɓa cewa za su tare babban titi su ƙona taya, mu tsofaffi muka ce kul. Ni ce ma kan gaba. Wanda bai zauna Kaduna ba ba zai gane ba. A garin nan in mutum ashirin suka taru suna ihu a kan rami da safe, kafin azahar labari ya ƙetara gada ya zama na addini, kafin magariba an sa dokar hana fita. Na ga wannan da idona a shekarun baya, kuma da hannuna na wanke wasu daga cikin matan da aka kawo. To har yau ban yi nadamar hana samarin nan ba. Nadamata a wani wuri take.

Maƙwabciyata ta jikin katanga yarinya ce sa'ar 'yata ta uku, ɗinki take yi a ɗaki, 'ya'yanta uku. Babbarsu mace ce, shekararta bakwai. Wata Laraba aka yi ruwa mai ƙarfi bayan la'asar, aka tashi 'yan Islamiyya, yarinyar ta taka katakon da ba ta gani, ya juya da ita. Sai can ƙasa wajen da magudanar ta nufi kogi aka tsamo ta. Ni na wanke ta. Uwarta ta yi mata kitso ƙanana ranar Juma'ar da ta wuce, jar laka ta shiga kowane layi, sai da na zauna na tsefe shi ɗaya bayan ɗaya kafin ruwa ya fita fari. Na wanke mata da yawa a rayuwata, ban taɓa yin wanka irin na ranar ba.

Ranar sadakar uku da hantsi sai ga motoci. Can bakin titi suka tsaya, don ramin bai bar hanyar mota ba. Honarabul ne da mutanensa, suka tattare babbar riga suka tako katakon nan ɗaya bayan ɗaya. Tun da aka zaɓe shi ba mu ƙara ganin fuskarsa ba sai ranar. Ya zauna wajen maza aka yi addu'a, sannan aka yi sallama aka ce zai shigo ya gaida mata. Ya tsaya a tsakar gida hannu a ƙirji, yana Allah ya jiƙanta, Allah ya sa mai ceto ce. Sai kawai uwar yarinyar, wadda kwana uku ba ta ce uffan ba, ta miƙe tsaye. Ta ce ranka ya daɗe, tambaya ɗaya gare ni. Ni kuwa ban tsaya na ji ba. Na damƙi hannunta na fizgo ta ƙasa, na sa tafin hannuna na rufe mata baki, wallahi kamar yadda ake yi wa ƙaramin yaro. Na ce mata a kunne ke, nan ba wurinsa ba ne, mutum ya tako don Allah za ki ci masa fuska, kwananta ne ya ƙare, ko a kan gado take sai ta tafi. Sannan na ɗago na amsa masa da bakina, na ce mun gode ranka ya daɗe, Allah ya ba da lada, Allah ya ƙara girma. Ya ce maganar aikin nan ma in sha Allahu ana dubawa. Ya juya ya fita. Ko ruwan shayi bai isa tafasa ba a tsawon tsayuwarsa. Mata suka yi ta ce min Inna kin kyauta, kin rufa wa gidan nan asiri. Na ji daɗi. Allah ya yafe min, na ji daɗi.

Daga ranar uwar yarinyar ta daina gaishe ni. Da farko na ce zafin rashi ne. Aka yi arba'in, shiru. Rannan na gaji na shiga na same ta a kan keken ɗinki, na ce ke wai me na yi miki. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma daina taka keken ba. Ta ce Inna, ke kika wanke ta, ke kika ga lakar. Shekara uku mutumin nan sau ɗaya ya shigo inda muryata za ta kai kunnensa, babu maigadi babu ɗan sanda, kika rufe min baki. Ta ce ba zaginsa za ta yi ba, ba kuma Allah za ta yi wa tsawa ba, tambayarsa kawai za ta yi wace rana za a rufe ramin, don ƙannen marigayiyar biyu kullum ta kan katakon nan suke bi. Sai ta ce ta riga ta gaya wa mijinta, in ta riga ni mutuwa a nemo wata ta wanke ta.

Edita, an zage ni a duniya, na kuma rama. Wannan ban iya ramawa ba. Na koma ɗakina na zauna, na dinga juya abin. Sai na gane manyan nan ba sa shigowa irin layinmu sai sau biyu, lokacin neman ƙuri'a da lokacin gaisuwar mutuwa. A na farko bakinmu cike yake da guɗa, a na biyu kuma mu tsofaffi ne ke tsare musu ƙofa da sunan ladabi. Ba su ma buƙatar ɗan sanda a gidan makoki, ga ni nan kyauta.

Washegari na ɗaura zanina na hau napep na tafi ofishin su Honarabul. Wani mai tebur ya ce Iya, sai dai ki kawo a rubuce. Na dawo layinmu da ke cike da masu boko ina neman mai rubuta min layi biyar. Malamin firamare da ke gaban gidana ya ce Inna ki rufa min asiri, an san rubutun hannuna a can, ga shi saura kaɗan na yi ritaya. Malamin allo na bakin masallaci ya gaya min gaskiya, ya ce shi da ajami yake rubutu ba za su karanta ba, kuma Honarabul na aiko masa da sadaka duk azumi, ba zai iya haɗa ido da shi ba. Ɗana na cikina da ke aiki a wata ma'aikata yana zaune Mando ya ce Inna don Allah ki bari, so kike a kore ni? A ƙarshe wajen masu buga takarda da kwamfuta na je, na faɗa aka buga, na dangwala yatsa na kai. Na koma sau huɗu, kullum sai a ce oga bai gani ba tukuna. Ga damina ta sake matsowa.

Sai wata rana ina dawowa daga ban gajiyar wani makoki abin ya faɗo min. Ai al'adarmu ce, in an share zaman makoki masu rashi su bi waɗanda suka zo musu gaisuwa su yi musu ban gajiya. Ba a saba yi wa manya ba, amma wa ya hana? Honarabul ya shigo gidanmu da gaisuwa ba mu iya korarsa ba, to mu ma mu shiga nasa da ita mu ga mai korarmu. Na koma wajen uwar yarinyar. Ni da na haifi sa'arta na durƙusa a gaban kekenta gwiwa biyu, na ce na zalunce ki, ban zo ki yafe min ba, na zo ki tashi mu je ki yi tambayarki. Ta ce za ta je, amma ba don ni ba. Na ce na ji.

Na tara tsofaffi shida, duk masu furfura da carbi, har da wata da sai da sanda. Ranar Alhamis da safe muka tsaya a ƙofar gidansa can unguwar manya. Maigadi ya leƙo ya ce yau ba ranar rabo ba ce. Na ce kai ɗan nan, ka ga kwano a hannunmu? Ban gajiyar ta'aziyya muka kawo wa maigidanka, in kuma a garinku korar masu gaisuwa ake yi sai ka gaya min sunan garin. Ya sosa ƙeya ya ce Iya ku yi haƙuri, ya buɗe. Aka kai mu falo, Hajiyarsa ta sa aka kawo lemo, ba wadda ta taɓa. Da ya fito muka gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ya gida, ya jama'a, ya ƙoƙari, har ya saki jiki ya fara murmushi. Sannan na ce ranka ya daɗe, mun zo godiya, mun kuma zo da ajiya. Ranar da ka zo wannan baiwar Allah ta tashi za ta yi maka magana na ƙwace ta a bakinta, yau na dawo mata da ita. Ta miƙe tsaye kamar wancan karon. Ta ce wace rana za a rufe ramin da ya ci 'yarta.

Ya yi bayani mai yawa. Wai ɗan kwangila ne ya gudu, wai aikin ba a ƙarƙashin kujerarsa yake ba, wai sai an sa hannu a sama. Na ce ni ban san sama ba ban san ƙasa ba, fuskar da na gani a bakin ramin ita na zo wa. Ta sake cewa wace rana. Ya ce bayan Sallah. Muka ce mun gode, muka tashi. A bakin ƙofa wani ya biyo mu da buhun shinkafa, na ce ya kai bakin ramin ya zuba ko zai cike.

Sallah ta wuce ba a kawo ko shebur ba. Sai muka koma yi masa barka da Sallah. Ya tafi Umara, muka je sannu da dawowa. Hajiyarsa ta haihu, muka je barka. Aka ce zazzaɓi ya kwantar da shi, muka je dubiya. In babu dalili sai mu ce mun zo gaida Alhamis. Ba mu taɓa ɗaga murya ba, ba mu ɗauki kwali ba, ba mu tsaya a titi ba, balle wani ya ce mun tada fitina. Mu gaisa, ita ta tashi ta yi tambayarta, mu tafi. In an ce ba ya nan sai mu zauna a inuwar katangarsa muna jan carbi, baƙinsa masu manyan motoci na wucewa suna tambaya su wane ne waɗannan. Masu gadi suka sa mana suna 'yan ban gajiya.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Biyu daga cikinmu 'ya'yansu suka hana su fita. Ɗaya jikanta na aikin wucin gadi a wani ofis, aka sallame shi ba dalili, har yau ba ta min magana. Aka yi ta yaɗawa a layi wai 'yan adawa ne suka saye ni. Su 'yan adawar kuwa sai ga su da atamfa, wai mu zo gidan rediyo mu zagi Honarabul. Na ce da su lokacin da nake tsefe laka a kan yarinyar nan kuna ina, ku fice min daga zaure. Na san in muka karɓa maganar ta tashi daga ta rami ta koma ta jam'iyya, kuma shi ke nan an binne ta. Amma wasu matan suka shigo, har masu jego, muka kai mu goma sha wani abu.

Wata Alhamis muna zaune a jikin katanga aka ce Hajiya Babba na kira, wato mahaifiyarsa, tana sashen baya. Tsohuwa ce kamata, ta ma girme ni. Ta hau mu da faɗa, wai mun mai da ƙofar ɗanta kasuwa, wai muna ja masa baki, wai ba mu san ƙaddara ba. Na bari ta gama. Na ce Yaya, na fi ki sanin ƙaddara, ni nake wanke ta. Sannan na gaya mata yadda kitson yake da yadda na tsefe shi, ban rage komai ba. Na nuna mata uwar na ce saura biyu gare ta, kuma yau da safe ta kan katakon suka bi. Tsohuwar ta kalli uwar yarinyar ta daɗe, sannan ta ce a raka mu.

Ban san abin da ya faru a gidan nan bayanmu ba, kuma ba zan yi ƙaryar na sani ba. Ko ita ce, ko kunyar baƙinsa ce, ko zaɓe ne da ya sake ƙaratowa. Bayan kamar sati uku dai tifa ta juye yashi a bakin layi. Aka zuba kankare aka rufe wajen da muke ƙetarawa, aka cire katakon. Ranar da aka gama, uwar yarinyar ta riƙo 'ya'yanta biyu ta ƙetara da su ta dawo, ta sake ƙetarawa. Da ta zo wucewa ta ƙofata ta ce Inna ina wuni. Iyakar abin da ta ce ke nan, ni ma ban nemi ƙari ba.

Amma wajen ƙetarawar kawai suka rufe. Daga nan har ƙasa magudanar na nan baki buɗe, ga gidaje a gefenta cike da yara. Don haka ba mu daina zuwa ba. Bambancin kawai, a cikin wannan fama na shiga ajin manyan mata na Islamiyyarmu inda ake koyar da boko ranar Asabar da Lahadi, in na dawo gida jikokina su yi ta dariyar yadda nake riƙe fensir. Yanzu in mai tebur ya ce Iya kawo a rubuce, sai na zaro daga cikin hijabi na ajiye masa, da sunana a ƙasa, ba wanda za a kora daga aiki a kaina.

Abin da na koya shi ne kowane gari da irin ƙofarsa. A wani wurin ana fita titi, mu nan titi wuta ne. A wani wurin takarda na aiki, mu nan masu iya rubutun su ne aka riƙe wa wuya. Amma wannan ba hujjar zama ba ce, ƙofa ce za a nema, kuma tamu a cikin al'adarmu muka same ta, al'adar nan dai da na yi amfani da ita na cuci maƙwabciyata. Haƙuri da hukuncin Allah wajibi ne, ban ja ba. Amma Allah bai haƙa rami a layinmu ba, mutum ne ya haƙa ya tafi, kuma tambayarsa ba saɓo ba ce.

Gargaɗina ga 'yan uwana tsofaffi ne, mu da ake jin maganarmu a gidan rashi. Mu ne muke cewa a yi shiru, kuma ana yi. Ku duba da kyau wa shirun yake yi wa amfani. In babban mutum ya shigo gaisuwa, kuka ga wadda aka yi wa rashi ta yunƙura za ta tashi, kada ku taɓa ta. Ku tashi ku tsaya a bayanta. Ni na kai hannu, kuma wata takwas yaran nan biyu suka ƙara yi suna taka katakon da ya kashe yayarsu saboda hannuna. Allah ne ya tsare su, ba ladabina ba.